Kalmomin Latin da muke rerawa a Misa: mene ne ma'anarsu, kuma ya dace mu ci gaba da su?

Mawaƙi daga Yamai ya rubuta:

Salama gare ku, iyayena da ƴan'uwana. Ni ɗan Dogon Dutsi ne, amma shekara huɗu ke nan ina zaune a Yamai, kuma ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta cocin unguwarmu. Bana shugabanmu ya yanke shawara cewa a daren Kirsimeti za mu rera Kyrie, Gloria, Sanctus da Agnus Dei cikin Latin, da karin nan da ake kira Missa de Angelis. Dalilinsa shi ne jama'armu gauraye take: akwai Hausawa, Zabarmawa, Gurmawa, mutanen Benin da Togo da Burkina, da ƴan kasuwa daga Najeriya waɗanda ba su jin Faransanci, kuma duk harshen da aka zaɓa sai wani ɓangare ya yi ƙorafi.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan mun gama koyo, wata yarinya ƴar shekara goma sha biyu ta tambaye ni ma'anar "qui tollis peccata mundi". Na san waƙar tun ina ƙarami, na san inda murya take hawa da inda take sauka, amma ban iya gaya mata wace kalma ce zunubi, wace ce duniya ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin addu'a ce nake yi a gaban Allah, ba karin waƙa kaɗai ba. Saboda haka ina roƙon waɗanda suka sani su bayyana mana ma'anar muhimman kalmomin nan da Hausa. Ina kuma son in ji ra'ayinku: tun da an ba mu izinin yin sujada da harsunanmu, akwai sauran dalilin riƙe Latin, ko kuwa sabo ne kawai?

Tsohon katekis daga Tawa ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Ina yaro na yi hidima a bagade a lokacin da fada yake yin Misa duka cikin Latin, kuma mun haddace amsoshin kafin mu san ma'anar ko ɗaya daga cikinsu. Sai da na shiga aikin katekis na zauna na bi su kalma bayan kalma, saboda haka na san nauyin da kake ji.

Ka fara da sanin cewa ba duk abin da kuke rerawa ne Latin ba. "Kyrie eleison" Helenanci ne, ma'anarsa "ya Ubangiji, ka yi jinƙai". Kiristocin Roma na farko da Helenanci suke sujada, sai a wajen ƙarni na 4 Latin ya maye gurbinsa, amma wannan roƙon a cikin Helenanci ya shiga Misar Roma, kuma haka aka bar shi. "Amen", "Alleluia", "Hosanna" da "Sabaoth" kuwa daga Ibrananci suke. "Amen" ɗin nan ita ce "amin" da kowane Bahaushe, Kirista ko Musulmi, yake amsa addu'a da ita. "Alleluia" na nufin "ku yabi Ubangiji", shi ya sa muke ajiye ta a lokacin azumi, sai daren Faska mu sake ɗaga ta da ƙarfi. "Sabaoth" runduna ce, don haka "Dominus Deus Sabaoth" shi ne "Ubangiji Allah Mai Runduna" da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki na Hausa, kuma "Sanctus" sau uku ɗin nan kirarin mala'iku ne a Ishaya 6:3, wato "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki".

Yanzu ga amsar yarinyar. "Agnus" ɗan rago ne, "Dei" na Allah, "qui" wanda, "tollis" kake ɗaukewa, "peccata" zunubai, "mundi" na duniya. Maganar Yahaya Mai Baftisma ce a Yahaya 1:29, sa'ad da ya ga Yesu yana zuwa wurinsa, kuma Fafaroma Sergius na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 687 zuwa 701, shi ne ya sa a riƙa rera ta a lokacin gutsuttsura gurasa. Kalmar da na fi so a ciki ita ce "tollis". A Latin tana nufin ɗaga abu sama, tana kuma nufin kawar da shi. Faransanci ya ce "qui enlèves", wanda ya fi karkata ga kawarwa, amma Hausa ta riƙe duka biyun a kalma ɗaya: wanda ya ɗauke maka kaya ya raba ka da shi, kuma a kansa kayan ya koma. Idan ka gaya wa yarinyar haka, ba za ta manta ba, domin ta san abin da ake nufi idan aka ɗauke wa mace tulu a hanyar rijiya. Sai "miserere nobis", ka ji tausayinmu, da "dona nobis pacem", ka ba mu salama.

Game da tambayarka ta biyu, abin da idona ya gani kaɗai zan faɗa. A nan Tawa mu Katolika kaɗan ne, kuma da yawa daga cikinmu baƙi ne da aiki ya kawo su. Na taɓa tsayawa a jana'izar wani ma'aikaci wanda danginsa suka zo daga nesa, ba su jin Hausa, Faransancinsu kuma kaɗan ne. Da aka fara "Requiem aeternam dona eis, Domine", wato "hutu na har abada ka ba su, ya Ubangiji", sai tsohuwar mahaifiyarsa ta ɗaga kai ta kama waƙar tare da mu har ƙarshe. A ranar ba mu da wani harshen da ya haɗa mu da ita sai wannan.

Malamin harsuna daga Yamai ya amsa:

Baba katekis ya yi bayanin da ba ya bukatar gyara. Ni zan ƙara abin da na koya a shekarun da na yi a makarantar horar da firistoci kafin in koma aikin koyarwa, domin ina ganin akwai mabuɗi ɗaya da zai sauƙaƙa wa ƙanenmu aikin gaba ɗaya.

Kalmomin da ake maimaitawa a Misa ba su da yawa. Abin da yake rikita mai koyo shi ne ƙarshen kalma yana sauyawa gwargwadon aikinta a cikin jimla, kamar yadda wanda ya karanta nahawun Larabci ya san irabi. Ɗauki kalmar Ubangiji. Idan shi ne mai aikatawa, "Dominus" ne, kamar a "Dominus vobiscum", Ubangiji yana tare da ku, gaisuwar da Bo'aza ya yi wa masu girbi a Rut 2:4. Idan kiransa ake yi, "Domine" ne, daidai da "ya Ubangiji". Idan mallaka ce, "Domini" ne, kamar a "in nomine Domini", cikin sunan Ubangiji, inda wannan "i" take yin aikin da "n" take yi a ƙarshen "sunan". Idan ana miƙa masa wani abu, "Domino" ne. Haka nan "Deus" Allah, "Dei" na Allah, "Deo" ga Allah, shi ya sa "Gloria in excelsis Deo" take nufin ɗaukaka ga Allah a can sama. "Pax" da "pacem" kalma ɗaya ce, salama. "Nobis" gare mu ne, "pro nobis" kuwa dominmu, don haka "ora pro nobis" ki yi addu'a dominmu, idan Maryamu ake roƙo. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida tare da kalmomi kamar hamsin zai bi Gloria da Sanctus da Pater noster, wato addu'ar Ubangiji, ba tare da ya ɓace ba.

Akwai kuma wuraren da Hausa ta fi Faransanci kusa da Latin. "In saecula saeculorum" a zahiri "har zamanan zamanai" ne, kuma ginin nan ɗaya ne da "har abada abadin" da muka gada daga Larabci. "Ite, missa est", wadda ake rufe sujada da ita, daga aikatau "mittere" take, wato aikawa ko sallama, kuma daga nan sunan Misa kansa ya fito. Ke nan an raɗa wa dukan sujadar suna daga sallamar jama'a. "Sursum corda" ba ta da aikatau ko kaɗan, "zukata sama" kawai take cewa, jama'a su amsa "habemus ad Dominum", muna riƙe da su wajen Ubangiji. "Misericordia", jinƙai, haɗin "miser" ne, wanda yake cikin wahala, da "cor", zuciya.

Abin da na fi so ƙanenmu ya sani shi ne Latin na coci ba kayan Turawa ba ne da aka sauke mana daga jirgi. A nahiyarmu aka ƙera babban rabonsa. Rubutun Kirista mafi tsufa da muke da shi cikin Latin mai ɗauke da kwanan wata shi ne labarin shahidan Scilli, waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ranar 17 ga Yuli na shekara ta 180, kuma da suka ji hukuncin amsarsu ita ce "Deo gratias", godiya ga Allah. Kalmar ta kama bakin mutanen yankin har ta zama sunan yanka, kamar yadda muke raɗa wa ƴaƴanmu Godiya, kuma an yi bishop a Kartaj mai suna Deogratias a ƙarni na 5. Tertullian, shi ma mutumin Kartaj, a rubuce-rubucensa ne aka fara ganin "trinitas" don Triniti. Shi ne kuma ya yawaita amfani da "sacramentum", wadda a bakin Romawa rantsuwar da soja yake yi ce ranar shigarsa aiki, don haka duk wanda ya karɓi baftisma kamar ya yi mubaya'a ne ga sabon Sarki. Cyprian, bishop na Kartaj da aka kashe a 258, ya ambaci "Sursum corda" a bayaninsa kan addu'ar Ubangiji, alamar cewa tun a zamaninsa ana faɗinta. Augustine kuwa, wanda ya rasu a 430, bishop ne na Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa.

Dalilina na riƙe Latin ya ɗan bambanta da na Baba. Fassara tana motsi, asalin kuwa yana tsaye, kuma da shi ake auna ta. A Credo, wato shaidar bangaskiya da muke faɗa a Misa, akwai "consubstantialem Patri", fassarar kalmar Helenanci da aka tsayar a Majalisar Nikiya a 325 don a ce Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne. Shekaru da yawa muna cewa da Faransanci "de même nature que le Père", wato halittarsa iri ɗaya da ta Uba, amma an lura cewa ni da kai ma halittarmu iri ɗaya ce alhali mu mutum biyu ne, don haka sabuwar fassarar littafin Misa, wadda ta fara aiki a Faransa ranar 28 ga Nuwamba 2021, ta koma "consubstantiel au Père". Haka ya faru da "et ne nos inducas in tentationem", wato "kada ka kai mu cikin jaraba", a Pater noster, wadda aka sauya fassararta ta Faransanci a 2017 don kada a ɗauka Allah ne yake tura mutum cikin jaraba. Duk wanda zai fassara addu'o'in nan zuwa Hausa, idan daga Faransanci kaɗai ya ɗauko, zai gaji kurakuran wani ya ƙara nasa a kai.

Shugabar mawaƙa daga Tawa ta amsa:

Ina gaida Baba, ina gaida Malam. Na ƙaru ƙwarai da bayaninku, amma ku yi mini haƙuri, ba zan bi ku duka ba.

Shekara goma sha ɗaya ina jagorancin mawaƙa, kuma abin da na gani shi ne duk ranar da muka rera Gloria cikin Latin, mu goma sha biyar ne muke waƙa, sauran jama'a suna tsaye suna jiran mu gama. Ranar da muka rera ta da Hausa kuwa, da ganga da tafi, har tsofaffin da ba su iya karatu ba sai ka ji muryarsu ta fi tamu. Manzo Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 14:19 ya gwammace ya faɗi kalmomi biyar da hankalinsa a cikin taro da ya faɗi dubu goma da harshen da ba a fahimta. Kuma tarihin da Malam ya kawo, a ganina, goyon bayana yake yi. Mutanen Kartaj da na Roma sun koma Latin ne saboda shi ne harshen kasuwa da na gida, kuma fassarar Littafi Mai Tsarki da Jerome ya fara a 382 bisa umarnin Fafaroma Damasus, daga baya an kira ta Vulgata, wato ta gama-gari. Idan muna son mu bi sawunsu, to Hausa ce Latin ɗinmu a Adar, yankinmu na Tawa.

Na san abin da Majalisar Batikan ta Biyu ta rubuta a kundin Sacrosanctum Concilium na ranar 4 ga Disamba 1963, kuma ba zan ɓoye rabin da bai yi mini daɗi ba. Sashe na 36 ya ce a kiyaye Latin, sannan ya buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. Sashe na 54 ya ce a kula masu bi su iya faɗi ko rera nasu ɓangaren na Misa tare cikin Latin, na 116 kuma ya ba waƙar Gregori, wato tsohon karin waƙar coci na Latin, matsayi na gaba. Har Fafaroma Paul na Shida ya aika wa bishop-bishop ƙaramin littafi mai suna Jubilate Deo a 1974, ɗauke da ƴan waƙoƙin da yake so kowane Katolika ya iya. To amma kalmar da nake riƙewa a sashe na 54 ita ce "tare". Ba a ce ƙungiyar mawaƙa ta rera jama'a su saurara ba. Sufayen Keur Moussa a Senegal, waɗanda suka fito daga Solesmes, cibiyar waƙar Gregori a Faransa, su ma da suka zauna a Afirka sun ɗauki kora, abin kiɗa mai tsirkiya na yankin, suka shigar da ita cikin addu'arsu, kuma ba wanda ya ce sun ɓata gadonsu.

Shawarata ga ƙanena ita ce kada ku ɗauki waƙoƙin huɗu a dare ɗaya. Kyrie da Agnus Dei gajeru ne, ana maimaita kalmominsu, kuma cikin mako biyu jama'a za su kama idan kuka koya musu minti biyar kafin a fara Misa. Gloria doguwa ce, ita ce kuma waƙar mala'iku ta daren haihuwa a Luka 2:14, kuma ban ga dalilin da zai sa a hana uwar da ta zo da goyo tun daga bayan gari ta rera ta da bakinta ba.

Mawaƙi daga Yamai ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, Malam da Yaya. Na kai maganar gaban shugabanmu jiya. Bai yarda a sauke Gloria ba, domin a cocinmu idan aka ce Hausa, Zabarmawa da Gurmawa za su ce nasu fa, abin da ba ku fama da shi sosai a Tawa. Amma ya yarda mu buga takarda mai ɗauke da Latin, da ma'anar kowace kalma a ƙarƙashinta cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a raba wa jama'a tun Lahadin farko na watan Disamba. Ni aka ɗora wa ɓangaren Hausa. Malam, abu biyu sun tsaya mini. Muna jayayya kan yadda ake furta "excelsis" da "caeli", kowa da nasa. Sannan "hominibus bonae voluntatis" ta cikin Gloria, in rubuta "mutane masu kyakkyawar niyya"?

Malamin harsuna daga Yamai ya amsa:

Ƙanena, wajen furuci Bahaushe ya fi wanda ya taso da Faransanci sa'a. Coci tana bin furucin Roma, kuma wasulan Latin biyar ɗin nan kamar namu suke: "u" ɗin "Dominus" ita ce ta "kunu", ba siririyar "u" ta Faransanci ba, kuma ba a shigar da "n" cikin hanci a "sanctus" ko "mundi". Harafin "c" kafin "e", "i", "ae" ko "oe" daidai yake da "c" ɗinmu na "ci" da "cewa", don haka "caeli" ana cewa "celi", "pacem" kuma "pacem" kamar yadda Bahaushe zai karanta shi. A sauran wurare "k" ne, kamar a "credo" da "peccata". "Excelsis" ana furta ta "ekshelsis". "Gn" kamar "ny" ce, wato "anyus". "Ti" kafin wasali tana zama "tsi", kamar a "gratia", amma a sassauta ta, kada a matse ta kamar "ts" ɗinmu na "tsaya". Inda muke tuntuɓe shi ne "p" da "v". Ka sa mawaƙanku su lura kada "pax" ta koma "fax", wadda a Latin tocila ce ta itace mai ci da wuta, kuma kada "vobis" ta koma "bobis". Ku kuma daina dora nauyi a gaɓar ƙarshe irin na Faransanci: "DO-mi-nus" ake cewa.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. A zahiri "hominibus" ga mutane ne, "bonae" na kyakkyawa, "voluntatis" nufi, don haka fassararka ba ta saɓa wa kalmomin ba. Sai dai Latin bai faɗi nufin wane ne ba, kuma kalmar Helenanci da take ƙarƙashinsa a Luka tana nuni ga yardar Allah ne, ba kyawun halin mutum ba. Shi ya sa Faransancin Misa yake cewa "aux hommes qu'il aime", wato ga mutanen da yake ƙauna. A layin kalma bayan kalma ka rubuta "ga mutane na kyakkyawan nufi", sannan a ƙarƙashinsa ka sa cikakkiyar ma'anar: "salama a duniya ga mutanen da Allah ya yarda da su". Kafin ku kai takardar wurin bugawa, ka nuna wa fadan cocinku ita, ka kuma karanta wa yarinyar nan ɓangaren Hausa da ƙarfi, duk layin da ta tsaya ta tambaye ka a kansa ka sake rubuta shi.